Jawabina a taron ƙungiya: yara na kan layin sikawut, manya ne babu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da ke sahun gaba, iyayenmu mata da ke can gefe da yara a cinya, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa, sannunku da wannan sanyi. Sakatare ya ce minti goma ya ba ni kuma tun kafin in miƙe na ga yana leƙa agogo, to zan yi ƙoƙari amma dai kun san hali.

Tun daga bakin ƙofa wasu suke ta dariyar wannan ƙyallen da na ɗaura a wuya, Alhaji ma'aji har cewa ya yi ko firamare na koma. Da gangan na sako shi. Shekara huɗu ke nan duk Talata da yamma ina zuwa wani ɗan zaure a unguwarmu nan Manchesta ina kula da yara 'yan sikawut, 'yan shekara 8 zuwa 10 da rabi, ba a biyana ko sisi, kuma yau na zo neman abokan wahala ne, gara in faɗa muku tun da wuri.

Yadda na shiga abin ma ba na arziki ba ne, faɗa na je yi. Mun rubuta sunan babban ɗana, aka ce yana kan layi, wata ya wuce, shekara ta zagayo, shiru. Ni kuma da irin zuciyarmu ta 'yan ci-rani sai na fara raya cewa ai sunansa suka gani, ko launin fata ne, na shirya maganganuna tsaf na tafi. Matar da na tarar wata nas ce, da alama daga aiki ta wuto ko gida ba ta je ba, yara kusan ashirin suna ta tsalle a kanta. Ta bar ni na gama sababina sannan ta ce min zaure akwai fili, kayan aiki akwai, abin da babu shi ne manya. Ta ce a ƙa'idarsu in za a fita da yara masu wannan shekarun waje, kowane yara takwas sai da babba ɗaya, ban da shi jagoran, saboda haka in na shigo ba ɗana kaɗai zai samu wuri ba har da 'ya'yan wasu. Wallahi kunya ta kama ni, na zo da takobi aka miƙo min tsintsiya. Fom na cike a daren.

Kuma ba unguwarmu ce kaɗai ba. A 'yan shekarun nan ƙungiyar sikawut ta ƙasar nan Birtaniya da kanta ta ce yaran da ke jiran a ba su gurbi sun haura 100,000, dalilin kuma ɗaya ne, ƙarancin manya masu sa kai. Na san a zauren nan akwai aƙalla gida biyar da 'ya'yansu ke cikin wannan lissafi don kun yi min waya kuna cewa in yi muku hanya. Babu hanya jama'a, ba ofishin fasfo ba ne, hanyar ita ce ku.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar abin kamar wani baƙon al'amari na Turawa. E, Bature ne ya fara, Baden-Powell, tsohon soja, a 1907 ya kwashi yara wajen ashirin ya kai su tsibirin Brownsea can kudu suka kafa tanti na 'yan kwanaki, daga nan abin ya bazu duniya. Amma tun 1915 sikawut ya shiga Najeriya, ya girmi kakannin wasunmu. Wa ya manta faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, ana tsaye cikin rana da gajeren wando ruwan ƙasa ana jiran gwamna? Ku bar ma wannan. Ku tuna 'yan agaji. Mutum ya wuni kasuwa ko gareji, ranar Idi ya goge yunifom ɗinsa ya tsaya yana gyara sahu, yana tare hanya, yana ɗaukar tsohon da jiri ya kwasa, a sansanin alhazai su ne, wajen tafsirin azumi su ne, wa yake biyansu? 'Yan uwanmu na Nijar kuma sun san Samariya, ƙungiyar matasan can masu aikin gayya. Aikin gayya a jininmu yake, nan ne kawai muka zo muka zama masu sauke yaro a bakin ƙofa mu ja mota, in an tashi mu dawo mu yi hon.

To bari in bi uzurorin da ake kawo min, don na haddace su.

Na farko addini. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce min ai rantsuwa ake sa yara da wani abu. Ba haka ba ne Baba. Akwai alkawarin da yaro ke yi ranar da za a ɗaura masa ƙyalle, kuma akwai lafazin da aka tanadar wa Musulmi a hukumance, da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai ake farawa, yaro ya yi alkawarin zai yi iya ƙoƙarinsa ya sauke haƙƙin Allah, sannan na sarki, ya taimaki mutane, ya kiyaye dokar sikawut. Kirista na da nasa lafazin, wanda ba ya bin addini ma na da nasa. Akwai kuma Muslim Scout Fellowship, masu tallafa wa rukunonin da Musulmi suka buɗe a garuruwa daban-daban, wasu ma a harabar masallaci suke taruwa. Abu ɗaya da har yau bai zauna min ba shi ne gaisuwa da hannun hagu, al'adarsu ce, ranar farko da yaro ya miƙo min hagu saura kaɗan in ce masa kai wa ya rene ka. Labarin da suke bayarwa wai Baden-Powell daga mutanen Asante na Ghana ya samo ta, don ya je Kumasi da sojan Ingila a 1896 lokacin sarki Prempeh, wai jarumi da hagu yake gaisawa don sai ya ajiye garkuwa. 'Yan zangon Kumasi da ke nan sai ku faɗa mana ko kun taɓa jin haka wajen kakanni. Ni dai na gaya wa nawa, hagu a zaure, dama a gida da masallaci.

Na biyu lokaci. Wannan ba zan raina shi ba, na san masu aikin kula da tsofaffi da ke yin dare, na san masu tuƙin tasi, na san ɗalibai masu haɗa karatu da aiki biyu. Amma zaman nan awa ɗaya da rabi ne a mako, kuma ba dole sai kowane mako ba, akwai masu zuwa sau ɗaya a wata, akwai wanda aikinsa kawai riƙe lissafin kuɗi, akwai mai gyara tantuna sau biyu a shekara. Kuma tsakani da Allah, mu nawa ne muke ƙone awa uku a guruf ɗin WhatsApp muna raba wa 'yan siyasar gida muƙamai?

Na uku shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi, tsoron bincike. Da an ce DBS sai ka ga fuska ta canja kamar an ce 'yan shige da fice. Bincike ne kawai na ko mutum yana da tarihin laifin da zai hana shi kusantar yara, duk mai aikin asibiti ko makaranta a nan ya yi shi, kuma kyauta ne ga mai aikin sa kai. Bayan nan akwai ɗan horo a intanet kan tsaro da kare yara, da na taimakon gaggawa, sannan su ba ka wani ɗan kati ruwan ɗorawa mai ɗauke da ƙa'idoji, babba a ciki shi ne kar ka taɓa keɓewa da yaro kai kaɗai, kullum a samu wani babba na gani. Da farko na ji abin kamar zargi ne. Daga baya na gane kariya ce gare ni da yaron duka, kuma da za mu kwashi wannan tsarin mu kai islamiyyunmu na ƙarshen mako da ba ƙaramin alheri muka yi ba, wannan dai maganar wata rana ce.

Yanzu ga inda nake so iyayenmu mata su ba ni kunne, don a nan ne abin ya fi ciwo. Tun 2007 kowane rukuni na sikawut a ƙasar nan na karɓar 'yan mata, kuma 'ya'yanmu mata suna zuwa zaman mako lafiya lau, sun ma fi mazan tara bajo a hannun riga. Amma da an ce za a je kwanan daji sai a janye su. Na fahimci dalili, ni ma uba ne. Sai dai ku duba, bara akwai yarinya 'yar gidanmu nan, ba zan kama suna ba, ita ta fi kowa iya karanta taswira da kamfas, ta yi kuka har ta gaji don an hana ta zuwa, uwar ta ce min da akwai mace tamu ko ɗaya da za ta kwana can da ta bar ta. Mace ɗaya fa. Tantin mata daban yake, na manya daban, kuma ba a fita da yara kwana sai da wanda ke da takardar izini ta musamman, duk wannan akwai, abin da uwar nan ke nema kawai fuskar da ta sani. Hajiya shugabar mata, wannan ƙorafin gabanki na ajiye shi.

Kuma in kana ciki kai ma kana da baki. Zuwana daji na farko, can wajen tsaunukan Peak District, ban ce komai ba kan abinci don ina jin nauyi, sai ga shi da safe an soya abin da ba ma ci, yaranmu uku suka karya da burodi da wake. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya musu, ni da ya kamata in faɗa na yi shiru. Zuwa na biyu ni na karɓi cefane, na je wajen mahaucinmu na Cheetham Hill na sayo kaza, na dafa dafa-duka a babbar tukunya kan itace, ƙasan ta kama ƙwarai don ruwan sama ya hana ni daidaita wuta, amma yaran Turawan nan har layi suka sake yi suna neman ƙanzo. Da asuba na tada namu muka yi alwala da ruwan da ya kusa ƙanƙara muka yi salla a bakin tanti, wani yaro ɗan shekara 9 shi ya nemo mana alƙibla da kamfas ɗin da aka koya masa jiya-jiya, yana ta washe baki. Yanzu in an zo tsara fita, tun kafin in buɗe baki ake tambaya yaushe azumi zai kama bana.

Taken 'yan sikawut shi ne zama cikin shiri, ranar da na fassara wa yarana shi da cewa ba a fafe gora ranar tafiya sai da na kwashe minti goma ina bayanin mene ne gora. A nan na gane wani abu, yaran nan namu ba su taɓa hura wuta ba, ba su taɓa ɗaure akuya ba, ba su san a aike su unguwa mai nisa su dawo ba, abubuwan da mu muka koya a banza a tsakar gida da gona su sai an shirya musu. In ba a zauren nan ba, daga makaranta sai ɗaki sai waya.

Ga masu cewa ba a yi abin don irinmu ba, shugaban sikawut na ƙasar nan tun 2024 Dwayne Fields ne, baƙar fata, a Jamaika aka haife shi ya tashi a Landan, shi ya gaji Bear Grylls, wanda ake gani a talabijin yana koyar da rayuwar daji, kuma shi ma yana yaro ya shiga. Amma hoton mutum ɗaya a sama ba ya wadatarwa, yaro na so ya ga mai kama da kawunsa a zauren unguwarsu.

Wasu sun kawo shawarar mu buɗe namu rukunin kawai da sunan ƙungiya. Ina so, amma ba yanzu ba, kuma ku yi min afuwa zan faɗi gaskiya. Ajin koyar da Hausa na ranar Asabar da muka buɗe da kabbara da hotuna, wata nawa ya yi? Uku. Yara ba a yi musu haka, in ka ce Talata to kowace Talata ce, ko ana ruwa ko ana wasan United. Ni ra'ayina mutum huɗu ko biyar su shiga rukunonin da ke kusa da gidajensu, su yi shekara guda su ga yadda ake tafiyar da abin, su gama horonsu, in mun ga sun ɗore sai mu je wa shugabannin gunduma da maganar buɗe namu. Akwai na 'yan shekara 4 zuwa 6 da aka fara a 2021, sunansu ma kurege, akwai 6 zuwa 8, akwai nawa na 8 zuwa 10 da rabi, akwai 10 da rabi zuwa 14, sai matasa 14 zuwa 18, kowa ya zaɓi inda haƙurinsa zai kai. Wanda hawan jini ke damu kar ya je wajen kuregun.

Sakatare ya miƙe tsaye, na gani. Takarda na kan teburin da ke kusa da kular shayi, suna da lambar waya da unguwa kawai, ina neman maza biyu mata biyu a daren nan, wanda kuma ke kokwanto ya zo ranar Talata ƙarfe shida da rabi ya tsaya a gefe ya kalla, zan ɗauke shi a mota in ma ba shi da abin hawa. A sako takalmin da ba a jin tausayinsa. Na gode, Allah ya raya mana zuri'a, wassalamu alaikum.