Sharhi: Binciken Farfesa Fafunwa da Muhawarar Harshen Koyarwa a Firamare

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Tun daga watan Nuwamban 2025, lokacin da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a nan Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai, iyaye da malamai ba su daina tafka muhawara ba. Tsarin da aka soke, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ce ta amince da shi a ƙarshen 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, kuma dalilin da aka bayar na soke shi shi ne yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Abin da ya dame mu shi ne, a duk wannan ka-ce-na-ce ba kasafai ake waiwayar mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken wannan tambaya a ƙasar nan ba, wato marigayi Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa.

An haifi Fafunwa a Legas a 1923, ya sami digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar New York ta Amurka a 1958, ya koyar a Jami'ar Nsukka, daga baya ya koma Jami'ar Ife. Ya riƙe muƙamin Ministan Ilimi daga 1990 zuwa 1992, ya kuma rasu a nan Abuja a watan Oktoban 2010, Allah ya ji ƙansa. Sai dai aikin da ya fi ɗaukaka sunansa a wurin masana ya yi shi ne a cikin azuzuwan yara ƙanana.

A 1970, shi da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a makarantar firamare ta St. Stephen da ke Modakeke, kusa da Ile-Ife, da tallafin Gidauniyar Ford. Aka raba yara rukuni-rukuni. Wasu aka koya musu lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka riƙe shi a matsayin darasi guda, wanda ƙwararren malami ke koyarwa. Wasu kuma aka bi da su yadda aka saba, wato Yarbanci a shekaru ukun farko, sannan a juya zuwa Turanci daga aji huɗu. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu na birni da ƙauye, aka kuma ci gaba da bibiyar yaran har bayan sun shiga sakandare. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda suka yi karatu da harshensu ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma a galibin sauran darussa sun fi su fahimta.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi nazari sosai, domin masu goyon bayan harshen uwa sukan ambaci sakamakon su manta da wahalar da aka sha kafin a kai gare shi. Kafin malami ya shiga aji ya koyar da kimiyya da Yarbanci, sai da masana harshe da malaman makaranta suka zauna suka ƙirƙiro kalmomin da babu su, suka rubuta littattafan ɗalibai da jagororin malamai na kowane aji, suka horar da malaman, suka riƙa komawa ajin suna duba abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Har ma wasu masana sun soki gwajin da cewa kulawar da yaran suka samu ta musamman ce, saboda haka da wuya a tantance kason nasarar da ya fito daga harshe da wanda ya fito daga ingancin malami da littafi. Wannan suka tana da nauyi, kuma a ganinmu darasin da ke cikinta ya shafi ɓangarorin biyu: ko da Hausa ko da Turanci za a koyar, yaron da ba shi da littafi a hannu, malaminsa kuma ba a koya masa dabarun koyar da karatu ba, zai kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba.

Da wannan ma'auni ya dace a auna hujjar jarrabawa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka amince da tsarin bai ma gama firamare ba a lokacin da aka soke shi, balle ya zauna WAEC. Ɗora wa tsarin alhakin faɗuwar ɗaliban da suka gama sakandare tamkar manomi ne ya yi shuka yau, gobe ya tono irin ya ce ƙasar ba ta da albarka. Kuma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Kuje ko Kwali ko Abaji ya san cewa malamai da yawa sun daɗe suna gauraya Turanci da Hausa a aji don yara su gane, ba tare da littafi ko horon da zai tsara musu hakan ba.

Hausa tana da wata dama da ya kamata a yi amfani da ita. Rubutun boko na Hausa yana bin furuci kusan sau da ƙafa, don haka yaron da aka koya wa sautin haruffa, har da masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, aka nuna masa yadda ake gina gaɓa daga ba, be, bi, bo, bu, yakan fara karanta kalmomin da ya riga ya san ma'anarsu cikin ɗan lokaci. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA na Katsina da Zamfara, duk a kan wannan hanya aka gina su, kuma sun bar littattafai da malaman da aka horar, waɗanda bai kamata a bari su tafi a banza ba.

Amma Abuja ba Ile-Ife ba ce, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka. A aji guda a Nyanya ko Karmo ko Zuba za ka tarar da ɗan Gwari da Bafulatani da Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Tibi, kuma haƙƙin da muke nema wa ɗan Bahaushe shi ne haƙƙin kowannensu. Gwajin Fafunwa an yi shi ne a inda kusan kowane yaro ke jin harshe ɗaya, don haka bai amsa tambayar irin waɗannan azuzuwa ba. Wannan aiki ne da ke jiran tsangayoyin ilimi na Jami'ar Abuja da Bayero da Ahmadu Bello, tare da hukumar NERDC da ke Sheda mai kula da manhaja: su zaɓi makarantu a birni da ƙauye, su tanadi littattafai, su horar da malamai, su bi yara daga aji ɗaya zuwa aji shida, sannan su kawo wa Ma'aikatar Ilimi da iyayen yara alƙaluman da za a yanke hukunci a kansu.