Daga Granada: takardar da ke tambayar yara tsoron jarrabawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau ma daga Granada nake gaishe ku, a kudancin Sifaniya. Bari in juya kyamara ku ga wancan farin da ke bayan gidaje. Ba gajimare ba ne, dusar ƙanƙara ce a kan duwatsun Sierra Nevada. Sanyin safiyar nan ya fi hunturun Zariya cizo, shi ya sa kuka gan ni da safar hannu. Tashar bas na nufa, zan je wata makarantar sakandare a bayan gari. Da yawanku kun sha tambayata wai takamaimai me nake karantawa a nan, to yau ku biyo ni.

Ga abin nan a hannuna. Takardar tambayoyi ce, falle biyu kacal, amma wata bakwai ke nan muna kanta ni da malamata da abokan aiki biyu. Ana ba ɗalibi ya cike, don a gane yadda fargabar jarrabawa take kama shi, da kuma ta inda take kama shi. Da Turanci aka rubuta ta tun asali, don yaran wata ƙasa dabam. Aikinmu shi ne mu mayar da ita ta yaran da ke jin Sifaniyanci, 'yan shekara 12 zuwa 18.

Auna wannan fargaba ba yau aka fara ba. Tun 1952 wasu masana biyu a Amurka, Mandler da Sarason, suka fito da takarda irin wannan. A 1967 Liebert da Morris suka ce ai abin kashi biyu ne: akwai na kai, wato zullumi da saƙe-saƙe, "idan na faɗi fa, me zan gaya wa mutanen gida", akwai kuma na jiki, gumi da bugun zuciya da rawar hannu. Sai a 1980 Charles Spielberger ya fitar da tasa mai tambaya 20, wadda aka fassara zuwa harsuna da dama. Tamu ba ita ba ce, amma a kan wannan turba aka gina ta. Kuma abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne na kan nan, zullumin, ya fi na jiki cinye wa yaro maki.

To ga bas ɗina ya iso. A cikin makarantar ba zan ɗauki komai ba, yara ne, fuskarsu da sunansu amana ce. Dokar ƙasar nan ta 2018 ta ce wanda bai kai shekara 14 ba sai da yardar iyaye za a karɓi bayanansa, mu kuwa kowa sai iyayensa sun sa hannu. Idan na fito zan ba ku labari.

Yauwa, na fito. Na dawo cikin gari, ina wani shagon shayi a layin Calderería Nueva, ƙasan unguwar Albaicín. Ku ga tulin takarduna, duk na cika gefensu da jan biro.

Abin da muka yi yau ba cike takarda ba ne kawai. Ɗaya bayan ɗaya nake zama da yaro, in ce ya karanta tambaya da ƙarfi, sannan ya faɗa mini da bakinsa abin da ya fahimta kafin ya zaɓi amsa. Aiki ne mai cin lokaci, yara shida kawai na samu gani. Amma wallahi abin da na koya yau ya fi na wata guda a ofis.

Akwai wata tambaya da a Turanci take cewa mutum yana jin malam buɗe littafi yana yawo a cikin cikinsa kafin jarrabawa. Haka Bature yake faɗin abin da mu za mu ce cikina ya ɗuri ruwa, ko hantar cikina ta kaɗa. Mai fassararmu ya kawo ta yadda take, "mariposas en el estómago", domin akwai maganar a Sifaniyanci. Mun kuma bi ƙa'idar da wani masani, Richard Brislin, ya yi bayani a 1970: wani ya fassara, wani dabam da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, sai a gwada biyun. Ta koma daidai, ba ragi ba ƙari. Muka sa mata alamar ta wuce.

Yau wata yarinya 'yar shekara 15, da tabarau da gashi a ɗaure, ta karanta, ta tsaya, ta rufe baki da hannun rigarta. Na ce lafiya? Ta ce, "Profe," haka suke kiran malami, "wannan ai idan kana son wani ne." Ta ce ranar jarrabawa abin da take ji ƙulli ne, "un nudo", ta dunƙule hannu ta ɗora a nan, ƙasan ƙirji, ta murɗa. Ta ce ko karin kumallo ba ya wuce mata. Da mun bar tambayar yadda take, yarinyar nan "kusan ban taɓa ji ba" za ta zaɓa, mu kuma mu rubuta cewa jikinta ba ya nuna fargaba. Alhali ba ta iya cin abinci. Wannan ya tsaya mini a rai, domin kowace kalma ta fassaru daidai, ma'anar ce ta zame, kuma babu yadda za a yi komawa Turanci ta kama irin wannan.

Sai kalmar fargabar ita kanta. A littafi "ansiedad" ce. Wani yaro, dogo, ɗan ƙwallo, da ya ci karo da ita sai ya ture takardar kaɗan, ya ce shi ba shi da wannan, wannan ta masu zuwa wurin likita ce. Na ce to ya kake ji daren jarrabawar lissafi? Ya ce, "me agobio." Kalmar nan, agobio, ita ce a bakin kowane yaro a nan. Kamar a ce abu ya danne ka, ya yi maka yawa, ka rasa ta ina za ka fara. Ya ƙara da cewa wani lokaci yana zama a gaban takarda "en blanco", fari fat, duk abin da ya haddace jiya ya gudu. Nan na tuna ranar da na zauna JAMB, na riƙe fensir, tambayar da na sani sarai ta zama kamar ban taɓa ganinta ba. Ban gaya masa ba, don ba a so mai tambaya ya sa wa yaro magana a baki, amma na gane shi.

Wani abin kuma, Sifaniyanci ba guda ba ne. A ajin da na shiga akwai yaran da iyayensu suka zo daga Kolombiya da Peru da Benezuwela. Faɗuwa jarrabawa a nan Sifaniya "suspender" ake cewa. Ɗan Meziko zai ce "reprobar", ɗan Kolombiya "perder", ɗan Peru "jalar", ɗan Benezuwela "raspar". A wasu ƙasashen idan ka ce an yi wa ɗalibi "suspender", korar ɗan lokaci za a fahimta. Maki ma haka. Nan daga 0 zuwa 10 ne, 5 ne cin jarrabawa. A Chile daga 1 zuwa 7 ne, 4 ake nema. Don haka duk tambayar da ta ambaci lamba mun cire lambar. Ko kalmar "test" da suka aro, a nan jarrabawar zaɓi ɗaya cikin amsoshi kawai take nufi, ba kowace jarrabawa ba, sai muka koma "examen" ko'ina. Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwaje-gwaje irin waɗannan, a ƙa'idojinta na 2017, abin da take nanatawa ke nan: a daidaita da al'ada da tsarin makaranta, ba harshe kaɗai ba.

Kada ku ɗauka yaran nan shagwaɓa ce ke damunsu. Manyan cikinsu saura musu 'yan watanni, a watan Yuni, su zauna jarrabawar shiga jami'a da kowa ke kira Selectividad. Makin shekaru biyun ƙarshe na sakandare yana ɗaukar kashi 60, jarrabawar kashi 40, a haɗa su a ba da maki cikin 10, da ƙarin darussan zaɓi kuma ana iya kaiwa 14. Mai son likitanci kuwa sai ya kai wajen 13. Ɗigo kaɗan ke raba yaro da abin da ya sa a gaba tun yana ƙarami. Ba nan kaɗai ba ne ma: a binciken PISA na 2015, wanda ake yi wa ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, kimanin kashi 55 cikin ɗari na ɗaliban ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda galibinsu masu arziki ne, sun ce hankalinsu yana tashi sosai ko da sun shirya wa jarrabawa da kyau.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne batun maza da mata. Kusan ko'ina aka raba irin wannan takarda, 'yan mata sun fi nuna fargaba. To shin sun fi jin ta ne, ko mazan ne ba sa son amsawa? Ɗan ƙwallon nan ya ƙi kalma guda, ya karɓi wata, kuma abu ɗaya suke nufi a jikinsa. Idan muka bar kalmar da namiji yake jin kunyarta, lissafinmu zai ce maza lafiyarsu ƙalau, malamai su kau da kai daga gare su. Akwai hanyar gwada wannan da alƙaluma idan mun tara amsoshi masu yawa, a duba ko kowace tambaya tana aiki iri ɗaya ga maza da mata. Zan nuna muku a kwamfuta idan mun kai wurin.

Malamata ta turo saƙo yanzu, ƙarfe huɗu za mu zauna. Tambaya uku zan ce a sake rubutawa, ta malam buɗe littafi ce ta farko, ƙullin yarinyar nan zan sa a madadinta. Mako mai zuwa kuma mu koma wata makarantar mu sake gwadawa da wasu yaran.

Malaman makaranta da ke kallona, daga Kano ne ko Maraɗi ko Kumasi, ina da roƙo. Ku tambayi ɗalibanku yadda suke ji ana gobe jarrabawa, kada ku ba su kalma, ku bari su kawo tasu, ku rubuto mini yadda suka faɗa. Ina tara su a wani littafi dabam. Shayina ya huce, kuma la'asar ta kusa, zan hau sama masallacin Albaicín kafin in wuce ofis. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.