Cinikin Corbin Burnes: Baltimore Ta Ci Riba Ko Kuɗin Haya Ta Biya?

SANI: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba dogon gaishe-gaishe, don zaurenmu na WhatsApp ya hana kowa barci. Wani bawan Allah ya tayar da tsohon zance, wai cinikin Corbin Burnes, mai jifan ƙwallon baseball, asara ce ga Orioles, ƙungiyarmu ta Baltimore. Maryam kuma ta danna masa alamar babban yatsa. Na gani.

MARYAM: Yaya Sani, yatsa kawai na ɗaga, ban ce uffan ba.

SANI: Ai yatsan ya fi magana ciwo. Nura, kai wane ɓangare kake?

NURA: Ni ɗan kallo ne yau.

SANI: Ƙarya kake, kowa ya san inda ka karkata. To ku saurara. Farkon Fabrairun 2024, ga Orioles, ƙungiyar da ta ci wasa 101 a kakar da ta gabata, amma a wasannin Oktoba na neman kofi Texas ta zo ta share ta uku ba ko ɗaya. Me ya kashe mu? Babu mai jifan da za ka miƙa wa ƙwallo ka koma ka kwanta da hankalinka. Sai Mike Elias, mai kula da cinikin 'yan wasan ƙungiyar, ya kawo Burnes daga Milwaukee, mutumin da ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2021. Me ya bayar? DL Hall, Joey Ortiz, da gurbi ɗaya na zaɓen sabbin 'yan wasa. Manyan yaranmu masu tasowa kuwa, bai taɓa Jackson Holliday ba, bai taɓa Mayo ba, bai taɓa Basallo ba. Ina asarar take?

MARYAM: Asarar tana cikin shekara ɗaya, Yaya. Kowa ya san kaka ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Ɗan haya aka ɗauko. Ka gyara masa ɗaki, ka sa labule, shekara ta zagayo ya miƙo maka makulli.

SANI: Amma wane irin ɗan haya? Sau 32 ya fara wasa, bai tsallake layinsa don ciwo ba. Nasara 15, zagaye sama da 194, abin da ake ci a kansa bai kai maki uku ba a duk zagaye tara, 2.92. Shi ya buɗe wa ɓangarenmu wasan taurari a Yuli. Kuma ku tuna sauran masu jifanmu a shekarar nan fa: Bradish gwiwar hannu, Means gwiwar hannu, Wells gwiwar hannu, duk an kwantar da su an yi aiki. Grayson Rodriguez ma ciwo ya kwantar da shi a Agusta. Cire Burnes daga lissafin nan, ki gaya mini ta ina nasara 91 da muka samu a kakar za ta fito.

NURA: Amma dai Kansas City ta zo har gida ta...

SANI: Dakata! Nan nake jiranka. Wasan farko, 1 ga Oktoba, a filinmu na Camden Yards. Burnes ya yi zagaye takwas cif, har ya fito na tara. Maki ɗaya tal aka ci shi. A zagaye na shida ya bar Maikel Garcia ya taka zuwa tushe na farko kyauta, yaron ya saci na biyu, Bobby Witt Jr. ya buga ta ratsa ta hagu, shi ke nan. Ɗaya da babu. Wasa biyu, maki ɗaya muka ci, shi ma Cedric Mullins ne ya fitar da ita waje. To mai jifa ne zai ɗauki sanda ya buga musu? Abin da aka sayo shi ya yi, ya yi shi ranar da ake buƙata.

MARYAM: Ranar ce Nura ya ce ba zai ƙara cin ƙaguwa ba sai sun ci wasa a Oktoba.

NURA: Ni da ma ban taɓa ci ba.

SANI: Kana zaune a Maryland ba ka cin ƙaguwa! Shi ya sa albarka ta ƙi sauka.

NURA: Yaya, abin da sai an ba ka guduma kafin ka ci, ai ba abinci ba ne, aikin kafinta ne.

MARYAM: Ga shi ka gama bugu, naman bai kai cokali ba.

SANI: Ba ku san daɗi ba. A shimfiɗa takarda a tebur, a zazzage su da zafi, yajin Old Bay ya sha jikinsu...

NURA: Wannan ne yaji? Ka kai wa mai tsire shi a Kano ka ga kallon da zai yi maka.

MARYAM: Zai ce gishiri ne aka yi wa kwalliya.

SANI: To ai ni haɗawa nake, ina barbaɗa yajin ƙuli a kai.

NURA: Innalillahi. Jama'a kun ji, ƙaguwa da yajin ƙuli. A turo mana fatawa.

MARYAM: Ranar da suka ci wasa a Oktoba, Nura zai riƙe guduma, za mu sa hoton a zaure.

NURA: Na yarda, don hankalina kwance yake. Wasa goma a jere suka sha kashi a kifa-ɗaya-ƙwala tun 2014.

SANI: Allah ya shirye ka. Maryam, ina muka tsaya?

MARYAM: A Milwaukee. Ku duk Baltimore kuke kallo. Mutanen nan sun san ba za su iya riƙe shi ba, kuma tun zaman sasancin albashi na 2023 zuciyarsa ta ɓaci, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. Suka sayar tun yana da daraja. Bayan tafiyarsa suka ci 93, suka ɗauki rukuninsu. A 2025 suka ci 97, babu wanda ya kai su a duk ƙasar. Ortiz ya riƙe tushe na uku, da Adames ya tafi San Francisco ya matsa gurbinsa, kuma yana hannunsu na shekaru da araha.

SANI: Ortiz a ina zai tsaya a Baltimore? Gunnar na nan, Westburg na nan, Holliday na tafe. Benci zai ɗumama. Kuma sandarsa a 2025 ai kin gani, ba ta tsorata kowa ba. Hall kuwa rabin lokacinsa yana ɗakin jinya. Sannan ki tambayi 'yan Milwaukee ɗin kansu game da 2008. Su ma sun ɗauko CC Sabathia daga Cleveland na 'yan watanni, ya ci 11 ya faɗi 2, ya kai su Oktoba karon farko tun 1982, ya tattara ya tafi Yankees. Michael Brantley na cikin abin da suka bayar. Har yau akwai mai kuka da wannan cinikin a can? Babu.

NURA: Ni abin da nake gani, Allah ne ya rufa wa Baltimore asiri. Arizona ta ba shi dala miliyan 210 na shekara shida, watan Yunin farko gwiwar hannu ta tafi, sai aikin Tommy John, tiyatar gyaran jijiyar gwiwar hannu. Da ku kuka biya fa?

SANI: A'a Nura, ba a auna ciniki da abin da babu wanda ya sani ranar da aka ƙulla shi. Kuma iyalinsa a Arizona suke, ga tagwaye jarirai, da wuya kuɗi kaɗai su tsayar da shi. Haushina ba tafiyarsa ba ce. An yi sabon mai ƙungiya, David Rubenstein, attajiri na gaske. Ka rasa Burnes, sai ka cike gurbinsa da Charlie Morton mai shekara 41 da Sugano, kowa kwantiragin shekara ɗaya? Ga sakamako nan: 75 da 87, ƙarshen rukuni, aka sallami koci Brandon Hyde tun a watan Mayun 2025. Laifin da ake ɗora wa cinikin Fabrairu, na hunturun da ya biyo baya ne.

MARYAM: To yanzu ka dawo maganata, ba a...

SANI: Ban dawo ba.

NURA: Yaya, mun ce kowa zai ba ƙungiyoyin biyu maki bisa goma, ga saƙonnin masu sauraro ba mu karanta ko ɗaya ba, kuma magariba ta kawo jiki.

SANI: Baltimore tara.

MARYAM: Shida. Milwaukee kuwa...

SANI: Shida? Maryam, shida?

NURA: Saƙonni sai mako mai zuwa, jama'a. A yafe mu. Yaya, kashe na'urar.