Littafin Girkin Shahararru da Tukunyar Gidanmu

(Wata malamar ilimin abinci ce ta gabatar da wannan lacca ga matan Hausawa mazauna Jidda. An rubuto ta daga rikodin, an ɗan taƙaita.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na san wasu sun baro tukunya a kan wuta, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Duk wadda ta taɓa shiga kantin littattafai na Jarir ta ga littattafan girkin nan masu ƙyalli, kowanne da hoton wani shahararre ko wata tauraruwar talabijin tana murmushi a bango. Na sayi guda cikin waɗanda ke cewa girkin lafiya suke koyarwa. Ba zan faɗi sunan mai shi ba. Na ce bari in bi shi sau da ƙafa, in ga abin da zai yi wa gidana.

Tun daga cefane aka fara samun matsala. A nemo kinuwa, wani ƙwayar hatsi mai kama da acha, a nemo kifin salmon, a nemo wani cuku da sai a manyan kantuna. Ita kinuwa daga Peru da Bolibiya asalinta, shi kuma salmon galibi daga Norway ake kawo shi, to kun ga kuɗin jirginsu ma a aljihunmu zai fita. Sannan girkin na mutum biyu ne zuwa huɗu, alhali mu takwas muke zagaye faranti guda. Abincin ya yi daɗi, ba zan ci amanar littafin ba. Amma yara suna gamawa suka ce, "Umma, yaushe za a kawo abincin?" (Dariya.)

Abin da na ƙaru da shi a littafin shi ne awo. Komai da cokalinsa. Mu kuwa da ido muke zuba mai, hannu ya karkata galan sai zuciya ta ce ya isa. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusan 120, ko na zaitun ne ko na masara, duk ɗaya. Yanzu ku tuna ludayin da muke kwararawa a kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama ta Larabawa, ga kitsen kaza ko na rago ya narke a ciki. Da na koma auna cokali uku a tukunyar da na saba yi wa ambaliya, wallahi ba wanda ya lura, har maigidan da ke cewa harshensa ba ya kuskure.

Gishiri ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin burodin tamis, da cuku, da zaitun na gwangwani, da ɗunƙulen da muke marmasawa a miya, wanda shi kansa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Mu jefa huɗu, mu ƙara gishiri, gobe mu ce hawan jini gado ne. Hajiya, ina daddawarki? Ki sa ta da albasa da citta da tafarnuwa, ki rage ɗunƙulen zuwa rabi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Sukari kuwa gwamnatin ƙasar nan ma ta gani. A 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba, kashi 100 a kan na ƙarin kuzari, kuma tun 2019 dole gidajen abinci su rubuta kalori a jikin jerin abincinsu. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kimanin ƙananan cokula takwas. Wace ce a cikinmu za ta zuba wa ɗanta cokali takwas a kofin shayi tana kallo?

To me zai maye gurbin kinuwa? Gero da dawa da acha da wake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero, abin da kakanninmu suka rayu a kai muna raina shi. Ba sai an jira mai zuwa daga Kano ko Maradi ba, mutanen Jizan a kudancin Saudiyya suna noman gero da dawa, ana kuma samu a shagunan 'yan Sudan da na Indiyawa. Dambun zogale, fate, ɗanwake, tuwon dawa miyar kuka, babu wanda littafin nan ya fi. Sai dai su ma a auna musu man, don ɗanwaken da ke iyo a cikin mai ya tashi daga abincin lafiya.

Ga wata baiwar Allah can baya tana tambaya, yaya za a auna wa kowa shinkafa alhali a faranti ɗaya ake ci? Tambaya ce mai kyau, Inna. Tun a kicin za ki rage. Idan kofi biyar kike dafawa, ki koma huɗu, gurbin ki cika shi da salak da kokwamba da dafaffen kabeji, a jera su a kan farantin, kada a ware su a wani ɗan kwano da ba mai taɓawa. Sambusar azumi kuma ki shafa mata mai kaɗan ki sa a oben. Akwai wata tambayar kafin a kira la'asar?