Sunan waliyyi a kan takardar haraji: lacca kan gundumomin Jamaika

Barkanmu da yamma, 'yan'uwa maza da mata. Na baya, kuna jina? Madalla.

Duk wanda ya buɗe taswirar Jamaika zai ga an raba tsibirin gida 14, kuma bakwai daga ciki sunan waliyyan Kirista ne da su: Sent Andiru, Sent An, Sent Katarin, Sent Elizabet, Sent Jemis, Sent Meri da Sent Tomas. Suna kiran kowace gunduma farish. A asali farish yankin coci ɗaya ne da fastonta, amma a Ingila sarauta ta daɗe da ɗora masa aikin hukuma. Tun 1538 aka umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da binne mamata, a 1601 kuma doka ta ɗora wa farish kula da matalauta. Ku ƙaddara a ce masallacin Juma'a da ofishin hakimi ƙofa ɗaya gare su, littafi ɗaya, asusu ɗaya. Wannan tsarin Turawan Ingila suka kai Jamaika bayan sun ƙwace ta daga hannun Sifaniyawa a 1655.

Sunayen ma sai an lura. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne Sent Katarin ta ci sunan Katarin, matar Sarki Charles na Biyu, Sent Elizabet ta ci sunan matar Gwamna Thomas Modyford, Sent Jemis kuma ƙanen sarki ne. Ashe waliyyi na bisa allo, amma mai mulki ake yi wa kirari.

To, a wancan zamanin wa ke riƙe da gundumar? Wata majalisa ce da ke ƙunshe da faston cocin Ingila, da alƙalan yanki, da wakilan da masu mallakar fili suka zaɓa, shugabanta kuma babban jami'i ne da gwamna ke naɗawa. Ita ke yanka haraji, ta gyara hanya da kurkuku, ta ciyar da gajiyayyu, ta kula da ginin coci. Mafi yawan mazauna gundumar kuwa bayi ne 'yan Afirka masu noman rake, ba su da baki a cikinta. Ko bayan da bauta ta ƙare gaba ɗaya a 1838 abin bai sake zani ba, domin sharaɗin dukiya ya toshe ƙofar zaɓe. A zaɓen 1864, cikin mutum sama da 400,000, waɗanda ke da ƙuri'a ba su kai 2,000 ba.

Nan ne abin ke ci mini rai. Da yawa daga cikin 'yantattun bayi 'yan Baftis ne, ko mabiya wasu ɗariku, suna gina ɗakunan ibadarsu da guminsu, amma harajinsu na tafiya ga cocin da ba tasu ba. Akwai George William Gordon, attajiri kuma ɗan majalisa, uwarsa baiwa ce, ubansa Bature. An zaɓe shi a muƙamin mai kula da coci a gundumar Sent Tomas ta Gabas, muƙamin da ke ba shi kujera a majalisar gunduma. Sai aka fitar da shi, wai ai ba ɗan cocin Ingila ba ne. Ku duba fa: kujerar da ake maganar haraji da hanya a kanta, an hana mutum ita saboda inda yake ibada.

A shekarar 1865 fari da tsada da rashin filin noma sun kai talakawa bango. Paul Bogle, dikon Baftis (wato mai taimaka wa fasto) daga ƙauyen Stony Gut, ya ja tawaga a ƙafa har Spanish Town, hedkwatar mulkin tsibirin a lokacin, don su kai wa Gwamna Edward Eyre kuka, ba a saurare su ba. Ranar 11 ga Oktoba ya shiga Morant Bay, babban garin gundumar Sent Tomas ta Gabas, da ɗaruruwan mutane, suka nufi kotu, daidai lokacin da majalisar gunduma ke zama a ciki. Dakarun sa-kai suka buɗe wuta, jama'a suka banka wa ginin wuta, aka kashe shugaban gundumar, Baron von Ketelhodt, da wasu jami'ai. Ramuwar gwamna ta wuce misali. An kashe mutum sama da 400, an yi wa kimanin 600 bulala, har da mata, an ƙona gidaje kusan 1,000. An rataye Bogle. Gordon, wanda yana Kingston lokacin da abin ya faru, aka kamo shi aka kai Morant Bay inda dokar soja ke aiki, shi ma aka rataye shi.

Bayan nan komai ya yi sauri. A 1866 Landan ta karɓi mulkin tsibirin kai tsaye, aka rushe waɗancan majalisu. Sabon gwamna, John Peter Grant, ya rage gundumomi daga 22 zuwa 14 a 1867, a 1870 kuma aka raba cocin Ingila da baitulmalin gwamnati. Ingila kanta sai a 1894 ta kafa majalisun farish na farar hula dabam da na coci.

Wata 'yar'uwa ta turo takarda tana tambaya ko yau fasto na da hannu a mulkin gunduma. A'a, ranki ya daɗe. Yau farish ƙaramar hukuma ce mai zaɓaɓɓun kansiloli da magajin gari, kuma tun 1923 Kingston da Sent Andiru majalisa ɗaya suke. Mutum ya ce shi ɗan Sent An ne, garinsu yake faɗa miki, ko da Musulmi ne ko ɗan Rasta. Bogle da Gordon kuwa suna cikin gwarazan ƙasa da gwamnatin Jamaika ta ayyana bayan samun 'yancin kai a 1962.

Sai tambaya ta gaba.