Rantsuwar Biyayya: Wa Take Kamawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban zama, malamaina, iyaye, ƴan'uwa ma'aikata da ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan rantsuwar da gwamnati ke sa mutum ya sha kafin ta damƙa masa aiki. Da yawanku kun sha ta, wasu sun riƙe Alƙur'ani, wasu Baibul, wasu kuma takarda aka miƙo musu suka rattaba hannu suna sauri kada lokacin biyan albashi ya wuce su. Ba da tamu zan fara ba. Zan kai ku Amurka, jihar Kalifoniya, domin a can ne aka yi wata rigima da ta fito da cikin wannan al'amari fili.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsoron kwaminisanci ya cika Amurka. A watan Maris na 1947 Shugaba Truman ya sa hannu a wani umarni mai lamba 9835, wanda ya ce a binciki biyayyar ma'aikatan gwamnatin tarayya. Ministan shari'a ya fitar da jerin ƙungiyoyin da ake zargi, in sunanka ya taɓa shiga rajistar ɗaya daga ciki, ko da shekara goma da suka wuce ne, sai ka zo ka yi bayani. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya, Mao ya karɓe Sin. A 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Kada mu raina musu hankali, tsoron yana da tushe. Akwai ƴan leƙen asiri na gaske, zan zo kan ɗaya daga cikinsu.

A cikin wannan yanayi, ranar 25 ga Maris 1949, majalisar gudanarwa ta Jami'ar Kalifoniya ta amince da shawarar shugaban jami'ar, Robert Sproul, cewa kowane ma'aikaci ya sha wata sabuwar rantsuwa. Ku lura da kyau: dama can suna da rantsuwa. Kowane malami ya riga ya rantse zai kare kundin tsarin mulkin ƙasa da na jiha, ba wanda ya taɓa yin gardama a kanta. Sabuwar, bayan gyaran da aka yi mata daga baya, ita ce ka rantse kai ba ɗan jam'iyyar kwaminis ba ne. Ta farko alkawari ce kan aikin da za ka yi. Ta biyu bincike ce kan abin da ke zuciyarka da mutanen da kake zama da su. Kuma jam'iyyar da ake magana a kanta ba haramtacciya ba ce a lokacin. Sproul ya yi haka ne don ya riga ƴan majalisar jiha, irin su Sanata Jack Tenney, waɗanda ke shirin kawo dokar da za ta sa musu hannu a harkar jami'a. A ganinsa kare jami'ar yake yi. Gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago.

Aka shafe fiye da shekara ana kai ruwa rana. Da farko ɗaruruwan malamai suka ƙi. Majalisar ta ce ko ka sa hannu ko ka kama gabanka. Mai iyali ya dubi kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, ya sa. Wanda ya kusa ritaya ya tuna fansho, ya sa. Ban ga laifinsu ba, wallahi, wanda bai taɓa kwana da tunanin an tsayar masa da albashi ba, kada ya yi saurin yanke musu hukunci. Adadin ya yi ta raguwa, har ranar 25 ga Agusta 1950 majalisar ta kaɗa ƙuri'a, 12 da 10, ta kori malamai 31.

To, su wane ne waɗannan 31? A nan nake so ku buɗe kunne. Ba ko ɗaya a cikinsu da aka tuhuma da zama ɗan kwaminis. Kwamitin malaman jami'ar ya zauna da su ya wanke su. Jagoransu Edward Tolman, babban masanin halayyar ɗan Adam ne, ya fi shekara talatin yana koyarwa a reshen jami'ar da ke garin Berkeley. Akwai Ernst Kantorowicz, masanin tarihi, Bayahude ɗan Jamus. Wannan mutum a 1919 bindiga ya ɗauka ya yaƙi ƴan kwaminis a titunan Jamus. Shi ake cewa ya rantse shi ba kwaminis ba ne! Ya ƙi, domin ya ga irin wannan da idonsa. A 1934 aka sa sojoji da ma'aikatan Jamus suka rantse da biyayya ga Hitler, shi kansa, da sunansa, ba ga ƙasa ko tsarin mulki ba. Kantorowicz ya gargaɗi abokan aikinsa cewa rantsuwar farko kullum da sauƙi take zuwa, sai an saba sa hannu a kawo mai nauyi. Hujjarsa kuma ita ce, mutum uku ke sa alkyabba: alƙali, limami da malami, kuma ukun nan in aka tsorata su aikinsu ya mutu, ko da suna zaune a kan kujerunsu.

Yanzu ga ɗan leƙen asirin da na yi muku alkawari. Klaus Fuchs masanin kimiyya ne, shi ma daga Jamus ya gudo. A 1942 ya zama ɗan Ingila, ya sha rantsuwar biyayya ga Sarki, ya sa hannu a takardar riƙe sirrin gwamnati. Ya yi aiki a Los Alamos inda Amurka ta ƙera bam na nukiliya na farko, yana kuma kwasar sirrin yana miƙa wa Sobiyet. A farkon 1950, shekarar da ake korar su Tolman, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara 14. Rantsuwa ba ta kama shi ba. Masu warware saƙonnin sirri ne suka gano shi. In da an kawo masa takardar Kalifoniya, me kuke tsammani zai yi? Alƙalami zai nema. Wanda ya yarda ya ci amanar ƙasa, layi biyu a takarda ba za su hana shi barci ba. Rantsuwar nan kamar koma ce da aka saƙa a juye, kifin da ake nema ya wuce, ta kama wanda ba ruwansa. Wanda ke tsoron rantsuwa har ya gwammace ya rasa aiki da ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ai shi ne ma'aikacin da kowace gwamnati ya kamata ta riƙe hannu biyu.

Italiya ta nuna wannan tun kafin nan. A 1931 Mussolini ya ce malaman jami'a su rantse da biyayya ga mulkinsa na fasist. Cikin malamai sama da 1,200, kimanin 12 ne suka ƙi, ciki har da masanin lissafi Vito Volterra. Sauran duk magoya baya ne? Ina! Shugabannin kwaminis da kansu sun ba mutanensu shawarar su rantse su ci gaba da zama a kujerunsu. Abokan gabar da aka yi rantsuwar dominsu, su ne suka sha ta da izinin jam'iyya. Amma kada ku ce Mussolini bai ci riba ba. Ya ci. Wanda ya rantse a kan abin da bai yarda da shi ba, ya san ya yi, maƙwabcinsa ya san ya yi, gobe bakinsa ya yi nauyi. Ni a fahimtata wannan ne ainihin aikin irin wannan rantsuwa: karya lagon mutane, ba tace su ba.

Mu koma Kalifoniya. Korarrun suka garzaya kotu. A Oktoban 1952 kotun ƙolin jihar ta ce a mayar da su bakin aiki. Sai dai kada ku yi saurin tafi. Kotun ba ta ce rantsuwar zalunci ce ba. Cewa ta yi jami'a ba ta da hurumin ƙirƙiro tata, tunda jiha ta riga ta yi dokar Levering a 1950, wadda ta ɗora irin wannan rantsuwa a kan dukkan ma'aikatan jiha. Wato ka dawo, amma ka sha ta jiha. Bashin albashinsu kuwa sai 1956 aka sasanta. Gwamna Earl Warren, wanda ya tsaya wa malaman a majalisar jami'a, shi ne kuma ya sa hannu a dokar Levering. Ɗan siyasa ke nan, a ko'ina yake. (Dariya) Jami'ar ta yi asara. Kantorowicz ya tafi Princeton bai dawo ba. Jack Steinberger, matashin masanin kimiyya da ya ƙi sa hannu ya bar Berkeley, ya ci kyautar Nobel a 1988. Daga baya jami'ar ta sa wa wani gini sunan Tolman. David Saxon kuwa, ɗaya daga cikin korarrun, a 1975 shi aka naɗa shugaban jami'ar gaba ɗaya.

Kotun ƙolin Amurka ta ɗauki shekaru kafin ta ja layi. A 1952 ta soke rantsuwar jihar Oklahoma, saboda tana hukunta har wanda ya shiga ƙungiya bai san manufarta ba. A 1961 ta hana jihar Maryland tilasta wa mai neman muƙami ya furta imani da Allah. A 1967, a shari'ar Keyishian, ta rushe dokokin jihar New York da ke farautar malamai. Amma a 1972 ta bar ta jihar Massachusetts, wadda ke cewa zan kare tsarin mulki, zan kuma ƙi kifar da gwamnati da ƙarfi. Layin dai shi ne wanda na faɗa muku: a tambaye ka alkawari kan aikinka, an yarda, a tone zuciyarka da abokanka, ba a yarda ba.

Da wannan ma'auni, in kuka buɗe jadawali na bakwai na kundin tsarin mulkinmu na 1999, za ku ga tamu a gefen daidai take. Biyayya ga Tarayyar Najeriya ce da kare kundin, ba sunan shugaba ko gwamna a ciki. Matsalarmu ita ce wadda ba a rubuta ba: ubangida ya kira yaronsa ɗaki, ya ɗauko Alƙur'ani, ya ce rantse ba za ka juya mini baya ba in ka hau. Wannan ƙanwar ta 1934 ce, ko da a zaure aka yi ta. Mu kuma da muka san Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, cewa ya yi a bi shi muddin yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayyarsa a kan kowa, bai kamata a ruɗe mu da biyayya marar sharaɗi ba. Ta rubuce ɗin ma kada mu ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Hafsoshin da suka yi juyin mulkin Janairun 1966, da duk waɗanda suka biyo bayansu, ba wanda bai sha rantsuwa ba ranar da aka ba shi anini.

Shugaban zama yana nuna mini agogo, ranka ya daɗe, minti ɗaya. Rantsuwar jihar Kalifoniya tana nan har yau a kundin jihar, kotu dai ta hana aiki da sashen da ke tambayar ƙungiyoyin da mutum ya shiga a 1967. A 2008 wata malamar lissafi a ɗaya daga jami'o'in jihar, mabiyar ɗariƙar Kiristoci ta Kweka waɗanda addininsu ya hana su yaƙi, ta ƙara kalma a takardar cewa za ta kare tsarin mulki amma ba da makami ba. Aka kore ta. Sai da ofishin babban lauyan jihar ya ba da bayani a rubuce cewa rantsuwar ba ta wajabta wa kowa ɗaukar bindiga ba, sannan ta sa hannu aka mayar da ita aji.

Na ga hannu biyu a baya can. Malam, bismillah, a miƙa masa lasifika.