Darasi: Kwashe fayilolin ofis daga tsohuwar uwar garke zuwa sabuwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Gombe. Ga injina biyu a gabana: tsohuwar uwar garke mai Windows Server 2012 R2, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Oktoban 2023, ga kuma sabuwa mai 2022. Sabuwar tana cikin domen, wato tsarin da ke riƙe asusun ma'aikata a wuri ɗaya, faifanta NTFS ne, tsarin faifai na Windows mai riƙe izini, wannan kun iya. Sai dai idan fayilolin suna kan D a tsohuwa, a sabuwa ma ku ba faifan D. Dalilin yana gaba.

Don Allah kada wanda ya ja folda da mawus ya saki. Fayiloli za su iso, izininsu kuwa a bar shi a baya, ran Litinin a tarar kowa yana iya leƙa foldar albashi. Robocopy, umarnin kwafin fayiloli da ke cikin Windows, za mu sa. A kan sabuwar, ku buɗe cmd, tagar rubuta umarni, da ikon admin. To, robocopy, sai D:\Ofis... a'a, tsaya, na juya su. Bari in goge. Inda kayan suke shi ne farko, inda za su je shi ne na biyu. Ga shi a allo, a wurin TSOHUWA ku sa sunan tsohuwar taku:

robocopy \\TSOHUWA\D$\Ofis D:\Ofis /MIR /COPYALL /ZB /R:1 /W:1 /MT:16 /LOG:C:\kwafi.txt

Ku natsu a nan. Aikin /MIR shi ne ya mayar da na biyu tamkar na farko, sak. Duk abin da ke na biyu wanda babu a na farko, share shi yake, ba tambaya, ba ya bi ta kwandon shara. Da na danna yadda na fara rubutawa, zai dubi sabuwar folda ya ga wayam, sai ya mayar da tsohuwar ma wayam. Saboda haka a zagayen farko ku ƙara /L a ƙarshe. Lissafi kawai zai yi, ba ya taɓa komai. Ku buɗe kwafi.txt ku duba, sannan ku cire /L ɗin.

/COPYALL shi ke ɗauko izini da sunan mai fayil. /R:1 da /W:1 kuwa, in ba ku sa su ba, fayil ɗaya da ya ƙi kwafuwa zai sa ya gwada sau miliyan, da jiran daƙiƙa 30 kowane karo. Ka kwana ka tashi yana nan inda ka bar shi. /MT, wato yawan fayilolin da zai kwafa a lokaci guda, ni 16 nake so, wasu na sa 32, amma tsohon faifai ba ya son hayaniya.

A layin gigabit, terabayit ɗaya kamar awa uku ne in manyan fayiloli ne, ƙanana sun fi cin lokaci. In suwic ɗinku mai 100 ne, kwana guda cur, gara ku haɗa injinan biyu da waya kai tsaye. Ku ɗora su kan inbata. In ma wuta ta ɗauke, ku sake danna umarnin, zai tsallake abin da ya riga ya kwashe.

Wannan babban kwafin, tun Talata a yi shi ana cikin aiki. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa ya rufe fayilinsa, a maimaita umarnin, ya kwashi canjin da aka samu kaɗai.

Saura rabon foldoji, wato saitin da ke ba ma'aikata damar buɗe su daga kwamfutocinsu. A tsohuwa ku buɗe regedit, manhajar duba rajistar saitunan Windows, ku bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Services, LanmanServer, Shares, ku fitar da shi, ku shigar a sabuwa, ku sake kunna ta. Hanyar kowace folda a rubuce take a ciki har da harafin faifai, shi ya sa na ce D. In ofishinku ba domen, asusun kowa a kan injin yake, a izini za ku ga lambobi masu farawa da S-1-5-21 maimakon sunaye. Dole a sake buɗe asusun, a raba izinin da hannu.

Yanzu ku canza wa tsohuwa suna da IP, ku sake kunna ta, sannan sabuwa ta gaji sunan da lambar. Kada su haɗu a layi da suna ɗaya. Ku gwada fotokwafin da ke tura sikan cikin folda: tsofaffinsu SMB1, tsohuwar hanyar tura fayil ta layi, suka sani, 2022 kuwa ba ta zuwa da shi a kunne. Tsohuwar a kashe ta, a ajiye mako biyu, kada a goge komai tukuna.